Baƙuwar Bakin Taga

A bakin hanyar Rayfield na same ta,
cikin gwangwanin madara mai tsatsa,
tsakanin furanni masu ihu da launi.
Ita kam shiru.
Ganye bisa ganye, zagaye cikin zagaye,
kamar ɗinkin faifai da aka faro daga cibiya.

Na tambayi Kaneng mai shuke-shuke sunanta.
Ta goge hannu a zane, ta yi dariya:
"Mu dai furen dutse muke ce mata.
Ɗari bakwai. Kada ka cika mata ruwa."
Kuɗin na ji, gargaɗin ya bi iska.

A Tudun Wada kowa ya zama masani.
Malam Tanimu ya ce kabeji ne ya ƙi girma.
Inna Tasalla ta ce kabar giwa ce,
a matse ta a shafa wa ƙuna.
Na ce, Inna, bi gefen ganyen da ido:
ba haƙori, ba ƙaya,
ba dabbare-dabbaren zabuwa.
Gajere ne, mai kauri, kamar bakin cokali,
da ɗan tsini guda a ƙarshe
wanda ko yaro ba zai sa kuka ba.

Akwai wani farin gari a fatarta,
toka-toka mai ratsin shuɗi.
Na zaci datti ne, na sa yatsa na share.
Ashe laimarta ce daga rana.
Tambarin yatsana ya zauna a wurin,
ganyen bai taɓa yafe mini ba.

Ni ɗan manomin tumatir ne,
a gidanmu da bokiti ake nuna ƙauna.
Safe in zuba, yamma in ƙara,
ga ruwan Agustan Jos
da ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Wata Laraba na taɓa ta,
gindin ya yi baƙi, ya yi luɓus,
ta watse a hannuna kamar ruɓaɓɓiyar albasa.

Ganye ɗaya ya faɗa bayan rediyo.
Ba ƙasa, ba ruwa, ba mai cigiya.
Mako uku ina shara na gan shi
ya fid da saiwa ja-ja, siririya kamar gashin masara,
da wata 'yar ƙwayar kai
da ba ta kai idon kaza ba.

Na koma wurin Kaneng da kunya a aljihu.
Ba ta ce "na faɗa maka" ba, idonta ne ya ce.
"Ɗebo yashi mai tsakuwa a tsohon ramin kuza,
ka farfasa gawayi a ciki.
Huda kaskon.
Tsoma yatsa: in da sanyi, juya ka tafi.
In ka zuba, zuba a ƙasa,
kada ruwa ya kwana a cibiyarta.
Ka ba ta hantsi.
In ta fara miƙa wuya, tana buɗe ganye,
ba girma ba ne, yunwar rana ce."

Yanzu Disamba, sanyi na cizon kunne.
Bakin ganyenta ya yi ja
kamar an sa mata lalle da dare.
'Ya'ya biyar sun leƙo ta ƙarƙashinta.
Ta fid da kara guda, ya sunkuya kamar kan sanda,
da 'yan ƙararrawa ruwan goro a rataye.

Jikar Malam Tanimu ta haska ta da waya,
ta ce sunanta ecaberiya,
kakanninta a duwatsun Meziko suke.
Na ce to, daga dutse zuwa dutse,
ba ta yi ɓatan kai ba.

Jiya na ciri ɗiya ɗaya na ba Inna Tasalla.
Na ce a bar ta da ƙishi, ta ce ta ji.
Yau da asuba, ta saman katanga,
na hango ta tana nufar kaskon
da buta cike a hannu.